Wa ke cin moriyar jinkiri? Magana kan kwangilolin gwamnati

Babu ranar da ake sani tun da wuri kamar ranar komawa lakwal. Ba ta zuwa kwatsam kamar gobara, ba ta jiran ganin wata kamar salla. Tun shekara ba ta kama ba kowa ya san cewa da damina ta ɗauke, wajen watan Oktoba, yara za su cika filin makaranta, kowane ɗayansu zai buƙaci wurin zama da littafi da kaye, malaminsu kuma zai buƙaci alli. Duk da haka, shekara da shekaru ana maimaita abu guda a Nijar da sauran ƙasashe masu tasowa: a buɗe makarantu, kayan aiki su biyo baya bayan wata biyu ko uku, wani sa'in sai zangon karatu na farko ya ƙare, wani sa'in kuma sai dai labari. Idan aka tambayi dalili, amsa a shirye take a bakin kowane ma'aikaci: dosiye yana kan hanya.

Hanyar da dosiyen ke bi ita ce ta kwangilolin gwamnati, wato tsarin da hukuma ke bi ta sayi kaya ko ta ba da aiki da kuɗin jama'a. Ba ƙaramar hanya ba ce. Masana na Bankin Duniya sun ƙiyasta cewa a shekarar 2018 abin da gwamnatoci suka kashe wajen irin wannan saye-saye ya kai kimanin kashi 12 cikin 100 na arzikin da duniya ta samar. Ta nan alli ke bi ya isa aji, ta nan maganin masassara ke bi ya isa likita, ta nan taki ke bi ya isa gona. Idan ta toshe, talaka ke ji a jikinsa tun kafin labari ya kai kunnen minista.

Duk sa'ad da aka tayar da wannan magana, mutane iri biyu ke miƙewa. Na farko su ne masu tsaron jinkiri. A wurinsu dukiyar jama'a amana ce da ba a yi mata garaje, kowane sa hannu katanga ce da ke tare ɓarawo, kuma sannu ba ta hana zuwa. Na biyu su ne masu gaggawa. Su kuwa cewa suke dokokin kwangila sarƙa ce da masu ba da bashi na ƙetare suka ɗaura wa ƙasashe matalauta, a kwance ta, a bar shugabanni su zaɓi wanda suka yarda da shi, aiki ya tafi. Mai hange daga nesa sai ya zaci abokan gaba ne, alhali a ƙwarya ɗaya suke ci. Na farko ke ɓata watanni har lokaci ya ƙure, sannan na biyu ya zo ya ce tunda lokaci ya ƙure sai a ba wane aikin ba tare da gasa ba. Jinkiri ke haifar da gaggawa, gaggawa kuma ke buɗe ƙofar baya.

Ina watannin ke tafiya?

Doka ba ta nemi wata tara ba. Ƙa'idojin da ƙungiyar UEMOA ta kafa wa ƙasashenta takwas ranar 9 ga Disamba 2005, waɗanda Nijar ta daidaita dokokinta a kansu daga baya, sun ce idan aka yi shelar neman tayi a ba ƴan kwangila aƙalla kwana 30 su kawo farashinsu, ko kwana 45 idan aikin babba ne ƙwarai. Wannan wa'adi yana da hujja, domin shi ke ba kafinta na Tasawa ko ɗan kasuwa na Birnin Ƙonni damar jin labari, ya yi lissafi, ya shiga takara. A ƙara masa makonnin duba tayi da na sauraron ƙorafin wanda bai gamsu ba, mai lissafi zai ga da wuya a wuce wata uku zuwa huɗu. To, sauran watannin fa?

Sauran watannin a kan tebura suke kwana. Jadawalin sayayya da ya kamata kowace ma'aikata ta fitar tun farkon shekara ba ya fita sai an yi nisa. Kuɗin da aka rubuta a kasafi ba a sakinsu sai kaɗan-kaɗan. Takardar da ke bayyana irin kayan da ake so, wani lokaci ta bara ce aka kwafo da kurakuranta, sai mai duba ya maido ta, a gyara, a sake aikawa, ta koma bin layi daga ƙarshe. Kwamitin duba tayi ya kasa zama domin ɗaya daga cikin mambobinsa ya tafi taron ƙara wa juna sani a wani otel. Idan an zaɓi ɗan kwangila, sai jiran sa hannu, sai jiran amincewa, sai rajista, sai takardar umurnin fara aiki. Bayan an kawo kaya kuma sai wata sabuwar tafiya: kwamitin karɓa, tantance abin da za a biya, umurnin biya, daga ƙarshe baitulmali. Kowane mataki in aka dube shi shi kaɗai yana da ma'ana. Illar ita ce, ko inda doka ta sa wa'adi, ba kasafai ake jin an hukunta wanda ya wuce shi ba.

Sa hannun da babu mai ƙirga kwanakinsa haja ce ta sayarwa. Mai riƙe da shi ba ya buƙatar buɗe baki ya nemi komi. Abin da zai yi kawai shi ne ya bar takarda a ƙarƙashin tari. Ɗan kwangilar da bashin banki ke ƙaruwa a kansa kowace safiya zai gane yaren shiru, ya zo da goro. Saboda haka ƙara yawan sa hannu bai zama ƙara tsaro ba. Mai gida da ya sa ƙofa goma a gidansa, kowace da mai gadinta, ya ƙara yawan mutanen da ɓarawo zai iya sasantawa da su, kuma ranar da kaya suka ɓace kowane mai gadi zai nuna na kusa da shi.

Adalci ne a faɗi cewa ba duk mai jinkiri ne ɓarawo ba. Akwai ma'aikata na kirki da yawa waɗanda tsoro ya ɗaure wa hannu. Sun ga an kai wasu gidan kaso saboda sa hannu, ba su taɓa ganin an kai kowa saboda ƙin sa hannu ba, don haka suka koyi darasin: tura takarda sama, nemi ƙarin bayani, jira. Wani bincike da masana uku, Oriana Bandiera da Andrea Prat da Tommaso Valletti, suka wallafa a 2009 kan sayayyar hukumomin Italiya ya raba asara gida biyu: wadda wani ke amfana da ita, wato cin hanci, da wadda ba ta amfani kowa ba, wato sakaci da rashin ƙwarewa da nauyin ƙa'idoji. Sun samu cewa kashi 83 cikin 100 na asarar daga gida na biyu take. Italiya ba Nijar ba ce, amma abin lura ne ga masu zaton cewa da an kama ɓarawo ɗaya ko biyu magana ta ƙare.

Gaggawar da aka ƙera da hannu

Doka ta yarda da kwangilar sasantawa, wadda ƴan birni ke kira gire-a-gire, inda hukuma ke kiran mutum ɗaya su daidaita farashi ba tare da gasa ba. Amma ta gindaya sharuɗɗa. A ƙa'idojin UEMOA, gaggawar da ke halatta haka ita ce wadda ta samo asali daga abin da ba a iya hangowa, kamar ambaliya ko annoba. Komawa lakwal ba ta cikinsu. Jarrabawar ƙarshen shekara ba ta cikinsu. Shukar damina ba ta cikinsu, balle lokacin masassarar cizon sauro da kowace uwa ta san watansa. Hukumar da ta bar wata shida ya wuce sannan ta ce abu ya zo mata ba shiri ta yi kama da wanda ya kwana da yunwa har azahar yana zargin rana da saurin fitowa.

Akwai kuma ƙanwar wannan dabara, wato yanka kwangila gunduwa-gunduwa. Tunda ƙananan sayayya ba sa buƙatar shela, sai a raba babbar sayayya gida ashirin, kowane gida ya tsaya ƙasa da iyakar da doka ta sa, a miƙa wa abokai da ƴan jam'iyya. Doka ta hana, amma uzurin ba ya canzawa: babbar hanya tana da tsawo, lokaci kuma ya ƙure. Ƙarshen shekara ya fi kowane lokaci daɗi ga masu wannan sana'a, domin kuɗin da ba a kashe ba kafin a rufe kasafi suna iya faɗuwa. Hukumar da ta yi barci daga Janairu zuwa Oktoba sai ta farka tana saye kamar mai gudun tashin kasuwa.

Malaman Nijar ba sa buƙatar a je da su nesa don ganin abin da hakan ke haifarwa. A 2006 binciken da masu ba da tallafi suka nema kan kuɗin shirin shekara goma na raya ilimi ya bankaɗo aringizon farashi da kwangilolin da aka bayar ba bisa ƙa'ida ba a ma'aikatar ilimin firamare da yaƙi da jahilci. Shi ne abin da aka sani da badaƙalar MEBA. Ministoci biyu da suka riƙe ma'aikatar sun rasa kujerunsu, an tsare su, masu tallafi suka dakatar da kuɗinsu, kuma ranar 31 ga Mayu 2007 majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin Hama Amadu a kan wannan batu. Masu cewa a kwance sarƙa su amsa tambaya ɗaya: kwangilolin nan da suka kauce wa ƙa'ida, sun cika azuzuwa da littattafai?

Misali na biyu ya fi ciwo. A farkon 2020, bayan harin Inatas na Disamba 2019 da ya ci rayukan sojoji 71 da na Shinagodar na Janairu 2020 da ya ci 89, rahoton binciken ma'aikatar tsaro ya fito fili. Rahoton farko ya ƙiyasta asarar miliyar 76 na sefa tsakanin 2014 da 2019, wani ɓangare aringizon farashi, wani ɓangare kayan da aka biya ba a kawo ba. Waɗannan kwangiloli ba su sha wahalar doguwar shela ba, an ba da su ne cikin sirri da sunan tsaron ƙasa. Sauri ya samu wajen fitar da kuɗi, bai samu ba wajen isar kaya ga sojan da ke bakin daga. Shi ya sa dokar da hukumomin mulkin soja suka fitar ranar 23 ga Fabrairu 2024, wadda ta keɓe sayayyar jami'an tsaro da wasu ayyuka daga dokokin kwangila da na lissafin kuɗin gwamnati, ta tayar da hankalin ƙungiyoyin farar hula. Babu mai hankali da zai ce a yi shelar irin makamin da soja zai saya ko inda zai ajiye shi. Ɓoye sirri ga abokin gaba daban, ɓoye farashi ga mai binciken kuɗi daban.

Ba dokoki ne suka yi ƙaranci ba. An kafa kundin kwangiloli a 2002, an sake shi sau da dama, har da 2016 da 2022. Hukumar sa ido ta ARMP ta koma ARCOP a 2022. An kafa HALCIA a 2011 don yaƙi da cin hanci, a 2023 aka kafa COLDEFF. Sunaye suna canzawa, allunan ƙofa suna canzawa, amma babu ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye da malamin ƙauye zai auna da wani ma'auni in ba ranar da kaye ya iso hannun ɗalibinsa ba.

Gwamnati da bashin talakawa

Rabin jinkiri yana gaban kwangila, ɗaya rabin yana bayanta. Ƙa'idojin UEMOA sun ce hukuma ta biya ɗan kwangila cikin kwana 60, idan ta wuce ta biya shi diyyar jinkiri. Shi kuma ɗan kwangila idan ya makara ana cire masa tara a kan kowace rana. A takarda ma'auni ɗaya ne. A aikace tarar ɗan kwangila ta fi saurin fita, diyyar da ke kan hukuma kuwa wa zai yi ƙarfin halin nemanta, alhali yana fatan a sake ba shi aiki baɗi?

Ɗan kasuwa ba wawa ba ne. Wanda ya san zai jira shekara kafin a biya shi, zai zuba shekarar cikin farashi tun ranar da ya rubuta tayi: ribar banki, hauhawar siminti, kuɗin mota zuwa Yamai sau goma, da goron masu tebura. Gwamnati na sayen benci ɗaya da kuɗin benci biyu, sannan ta zo tana kukan rashin kuɗi. Wanda bai iya jira ba kuwa ya janye daga takara gaba ɗaya. Su wa ke janyewa? Kafinta da maƙerin ƙarfe na unguwa, waɗanda bencinsu ya fi ƙwari domin ƴaƴansu za su zauna a kai. Ƙaramar maɗaba'a da za ta iya buga littafin karatu da Hausa ko Zabarmanci. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da harshen Hausa a Damagaram, kuma tun daga lokacin malaman harsunan gida ke kukan ƙarancin abin karantawa. Marubuta ba su ƙare ba. Sai dai mai buga littafi da ba shi da jari mai kauri ba zai iya ba gwamnati bashin shekara ba. Fili ya rage ga mutane kaɗan masu dogon numfashi da dogon hannu, su ci kwangila a Yamai, su sayar wa na ƙasa da su, shi ma ya sayar wa wani, har aikin ya isa ga magini da rabin kuɗinsa.

Ga aikin gini, jinkiri yana da wani farashi na dabam, domin damina ba ta sauraron uzuri. Watannin rani su ne na gini. Kwangilar da ta kwana har Yuni ta haɗu da ruwa, hanyoyin ƙauyuka sun yanke, ma'aikata sun koma gona, shekara ta tafi. Yaran da aka yi wa alkawarin aji sai su koma rumfar zana. Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta cinye irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara aka sake yi a Maraɗi, yara 26 suka rasu, ƴan shekara biyar da shida. A lokacin hukumomi sun ce azuzuwan zana a ƙasar sun kai 36.000. Dalilan wannan adadi suna da yawa, daga yawan haihuwa zuwa ƙarancin kasafi, kuma ba daidai ba ne a ɗora su duka a kan masu tebura. Amma kowane aji da aka ware wa kuɗi takardarsa ta kwana shekara guda, ƙarin shekara guda ce ta yara hamsin ko sittin a cikin kara busasshe. Masu karin maganar sannu ba ta hana zuwa su tuna da ƙarashenta: sai dai a daɗe ba a je ba. Yaron da ya yi shekarar koyon baƙaƙe babu littafi, ba a maido masa da ita.

Madatsar ruwa ta Kandaji a jahar Tilaberi ta nuna ɗaya fuskar. An aza tubalinta a 2008, aka ba wani kamfanin Rasha aikin, ya fara a 2011, ya kasa, aka soke kwangilar a 2013. Sai a 2019 aka sake tayar da aikin da wani kamfanin Sin, ya kuma tsaya a 2023 bayan juyin mulki. Matsalolin Kandaji sun haɗa da kuɗi da tsaro da sake tsugunar da jama'a, amma shekara shida da suka wuce tsakanin soke kwangila da sake farawa sun isa shaida cewa ba ɗan kwangilar da bai iya ba aiki ya fi kowane irin jinkiri tsada. Abin da ake nema ke nan: a kashe lokaci inda yake da amfani, wajen tantance wanda zai iya, a daina kashe shi inda takarda ke shan ƙura.

Abin da aka gwada a wasu wurare

A jahar Panjab ta Pakistan an yi gwaji da jami'an sayayya kimanin 600, aka wallafa sakamakon a 2021. An ba wasunsu ƴanci: aka sakar musu kuɗi da wuri, aka ƙara musu abin da za su iya kashewa ba tare da neman izini ba, aka kuma bayyana jerin takardun da mai duba ke da ikon nema, don kada ya ƙirƙiro sababbi. Farashin da suka saya ya ragu da kimanin kashi 9 cikin 100, ingancin kaya bai ragu ba, kuma ribar ta fi yawa inda masu duba suka saba riƙe takardu har ƙarshen shekara. Mai gadin da aka sa don hana asara shi da kansa ya zama sanadin asara.

Wasu ƙasashe sun mai da sayayya kan intanet. Yukren ta wajabta tsarin ProZorro a 2016, inda kowa ke iya ganin wa ya yi tayi, nawa ya nema, wa ya ci. Ruwanda ta fara nata, Umucyo, a wannan shekara. Binciken da aka wallafa a 2016 kan Indiya da Indunisiya ya nuna cewa wannan hanya ba ta rage farashi ba, amma ta kyautata ingancin tituna a Indiya, ta rage jinkirin aiki a Indunisiya, ta kuma ba ƴan kwangila na wasu yankuna damar cin aiki. Kwamfuta ba laya ba ce. Idan aka zuba mata sa hannu goma sha biyu za ta riƙe sha biyu. Amfaninta shi ne tana rubuta ranar da takarda ta shiga da ranar da ta fita, da sunan wanda ta kwana a wurinsa.

Misalin da ya fi kusa da malamai shi ne na Yuganda, kuma bai buƙaci kwamfuta ba. Bincike ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995 makarantu ba su samu fiye da kashi 13 cikin 100 na kuɗin tafiyar da aiki da gwamnati ta aiko musu ba. Sai aka fara buga adadin kuɗin da ake aikawa a jaridu, aka kuma umurci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a bango. Zuwa 2001 abin da ke isa ya wuce kashi 80 cikin 100. Masana sun yi muhawara kan rabon da jarida ta taka a cikin wannan canji, amma babu mai musun cewa iyayen da suka san abin da aka aiko sun fi wuyar cuta.

Abin da ya kamata a nema

Da farko a yi lissafi daga ƙarshe. Idan ana son kaye ya kasance a makaranta kafin Oktoba, to ya bar sito a Agusta kafin hanyoyi su gama lalacewa, a sa hannu a kwangila a Afrilu, a yi shela a Janairu. Kayan da ake saye kowace shekara, alli da kaye da takardar jarrabawa, babu dalilin fara musu sabuwar gasa duk shekara kamar ba a taɓa ganinsu ba. A yi gasa ɗaya mai tsabta, a ƙulla yarjejeniyar shekara biyu ko uku, a riƙa oda idan buƙata ta zo.

Na biyu, kowane tebur ya samu wa'adi da sakamako. Mai duba da ya wuce kwanakinsa bai ce komi ba, a ɗauka ya amince, kuma alhakin ya hau kansa. Wanda zai maido takarda ya faɗi duk kurakuranta sau ɗaya, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Duk kwangilar sasantawa da aka bayar da sunan gaggawa, a buga dalilinta da farashinta da sunan wanda ya ci.

Na uku, baitulmali ya biya bisa layi, wanda ya riga shiga ya riga fita, kuma jerin ya kasance a fili. Nan za a ce ai babu kuɗi, ƙasa matalauciya ce, ga yaƙi ga takunkumin da aka sha a 2023. Gaskiya ne. Amma talaucin gida shi ne babban dalilin kada a sayi benci ɗaya da kuɗin biyu. Hukumar da ta san ba za ta iya biyan aji ɗari ba ta ba da kwangilar sittin ta biya su a kan kari. Aji sittin masu rufi sun fi ɗari da suka tsaya a taga.

Na huɗu, ƙananan sayayya su sauko kusa da makaranta. Gyaran benci da ƙofa da allo ba sa buƙatar tafiya Yamai. Nijar tana da abin tinƙaho a nan: tsarin kwamitocin kula da makarantu, COGES, masu zaɓaɓɓun shugabanni, wanda aka gwada a jahar Tawa tun 2004 da tallafin Japan, ya bazu cikin ƙasa, har wasu ƙasashen Afirka suka kwaikwaya. Masu birni za su ce ƙauyawa ba su iya lissafi ba, za su ci kuɗin. Wataƙila wasu su ci. Sai dai wanda ya ci jika hamsin a ƙauye zai haɗu da iyayen yara a masallaci da kasuwa da wurin suna, wanda ya ci miliyan hamsin a babban birni kuwa babu uwar ɗalibi da ta san fuskarsa. Haka nan kada a biya kuɗin gini ko kaya sai daraktan makaranta da wakilin iyaye sun shaida cewa abin ya iso kuma yana da kyau.

Na biyar, shela ta fita da harshen da jama'a ke ji. Sanarwar da aka buga da Faransanci a jaridar da ba ta wuce babban birni ba, ta cika sharaɗin doka, ba ta cika manufarta ba. Gidajen rediyon karkara suna nan. A faɗa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci cewa an ware kuɗi kaza don aji kaza a gari kaza, wane ne ya ci, kuma ya yi alkawarin gamawa a wata kaza. Ƙungiyoyin raya al'adu da suka iya tsara wasan kwaikwayo kan auren wuri da allurar rigakafi za su iya tsara shi kan dosiyen da ya kwana.

Malamai kuwa suna da makami a hannu wanda ba ya buƙatar izinin kowa. Sun saba kiran suna kowace safiya, suna rubuta wanda ya zo da wanda ya makara. Kowace makaranta ta ware kaye ɗaya ta riƙa kiran sunan kayan gwamnati: ranar da aka yi alkawari, ranar da suka iso, nawa aka rubuta, nawa aka ƙirga, da halin da suka zo a ciki. Idan ƙungiyoyin malamai da na iyaye suka tara irin waɗannan kaye daga Gaya zuwa Gure suka ajiye su gaban hukuma kowane ƙarshen shekara, amsar nan ta dosiye yana kan hanya za ta gamu da tambayoyin da ta daɗe tana gudu: a teburin wa yake, kuma tun yaushe?